Agogon Jirgi, Agogon Tsibiri

Kukanta ne ya riga sallamarta shigowa. Ina zaune a kan buzu da hantsin Alhamis ina jan carbi, sai ga Haulatu ta faɗo ɗakina, ta zube, ta kifa kai a kan gwiwata.

Na ce ta ɗaga, kada ta jiƙa mini wando, don teku ma da girmanta ba ta jiƙa ni haka ba.

Ba ta yi dariya ba. A nan na san abin ya kai inda ya kai.

Cikin jikokina goma sha tara, Haulatu ce matata ta wasa. Tun tana rarrafe nake ce mata amarya, ita kuma tana ce mini tsohon ango mai haƙori uku. Yanzu shekararta ashirin da biyar, malama ce a firamare, kuma ita ce take rubuta wannan da nake faɗa, don ni ban taɓa zama a bencin boko ba. Ban kuma yi asarar komai ba. Ku shiga Daura ta inda kuka ga dama ku tambayi Ya'u Ɗan Teku. Mai shayi zai nuna muku gidana, mai faci zai nuna muku. Ni ne mutumin da jirgin ruwa ya nutse da su, su sittin, ya fito shi kaɗai. Ni ne wanda kifi mai haƙora kamar zarto ya kama wa ƙwauri ya kasa haɗiyewa, tabon yana nan. Shekara bakwai na yi a tsibiri a tsakiyar ruwa, na dawo da ƙafata.

Haka nake faɗa, haka kuma garin ya sani.

"Kaka," ta ce, "yau Abba zai raba ni da Nu'uman."

Nu'uman ɗin nan maraya ne, ɗan garin nan. Ya faro ne da zagayawa da baƙi a rijiyar Kusugu, yana yi musu bayani da Turanci. Wani baƙo ya ji daɗin bakinsa ya yi masa hanya, yau shekara huɗu ke nan yana aiki a wani ƙaton jirgin ruwa. Ba kaya jirgin yake ɗauka ba, mutane yake ɗauka, masu hali, ya yi ta zagayawa da su tsibirai don kallo kawai. Wata shida a ruwa, wata uku a gida. Shekara biyu yana neman Haulatu, shekara biyu ubanta yana cewa a dakata.

Ubanta shi ne ɗana na fari, dillalin shanu ne. Sunansa Sharfaddeen. Haulatu ce ta sa sunan a takarda, ni kam ba na kiransa da bakina, ɗan fari ne, akwai kunya. Alhaji nake ce masa.

Ta gaya mini cewa ya kira Nu'uman bayan La'asar a zaure. Ya ce ba zai yi mata dole a kan kowa ba, ba ƙaramar yarinya ba ce, amma shi da ransa ba zai ba ɗan ruwa 'yarsa ba. Da ta matsa da kuka, sai ya ce to, ga Baba nan, duk Daura ba wanda ya san jirgi kamarsa. A zo a zauna, abin da Baba ya ce a kan aikin nan shi ne hukunci.

Na gyara zama, na shafa gemu. Na ce ai ubanta ya san inda ilimi yake.

Sai ta ɗago. Idanunta sun yi ja, hancinta yana zuba, ta dube ni irin duban da ba ta taɓa yi mini ba.

"Kaka, labarinka ne yake kashe ni."

Na ce wane labarin.

"Na nutsewar jirgi. Duk ranar da ka ba da shi a ƙofar gida mutane suna dariya suna jinjina maka, Abba ba ya dariya. Shigewa ciki yake yi. Jiya ya ce da ni, shi ya san abin da ake kira jiran ɗan ruwa, ya ga Inna ta yi shi. Ya ce ya gwammace in tsufa a gidansa da in tsaya a bakin ƙofa irin tsayuwarta."

Innar da take faɗa ita ce Madina, matata ta gaske, Allah ya jiƙanta. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarta.

Haulatu ta riƙe hannuna da hannu biyu. Ta ce ba ta roƙe ni in yi ƙarya ba. Ta ce in dai faɗa wa ubanta cewa jiragen yanzu ba irin na da ba ne, in sassauta, in bar maganar gawarwaki a kan ruwa ko da na yau ne kawai. Ta ce Nu'uman saura kwana goma sha biyu ya koma, kuma ya gaya mata in aka ce a'a a wannan karon ba zai sake tayar wa gidanmu da hankali ba, zai haƙura. Ta ce ita ba ta san yadda ake haƙura ba.

Na ce ta je ta wanke fuska. Na ce angonta na fari yana nan, in duk sun ƙi ni zan riƙe ta.

Ta fita tana share ido da gefen hijabi. Ni kuma na kasa tuna inda na tsaya a carbi.

*

Bayan Azahar Abdulmuhaimin ya yi sallama.

Shi ne ɗaya manemin Haulatu. Ɗan abokin Alhaji ne, yana da shaguna biyu a Kongolam, can bakin iyaka, shadda a jikinsa kullum kamar yau aka buga ta. Ba mugun yaro ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Amma yana da irin ladabin nan da ke sa mutum ya duba aljihunsa.

Ya durƙusa har ƙasa, ya ajiye mini goro fari da kwalbar turare. Ya ce shi fa duk sanda ya ji labarina sai tsigar jikinsa ta tashi. Ya roƙe ni in nuna masa tabon. Na ja ƙafar wando na nuna masa. Ya yi ta girgiza kai yana salati, yana cewa mutum sittin, Baba, mutum sittin.

Na ce sittin da uku ne in an haɗa da masu dafa abinci.

Ya ce shi ya sa yake tausayin Haulatu. Ya ce shi ba ya son shiga tsakani, amma mace tana bukatar mijin da za ta ji motsin takalminsa kowace Magariba. Shi daga Kongolam zuwa nan, kafin tuwo ya huce ya iso. Ya ce in Allah ya yarda bayan La'asar zai leƙo ya gai da Alhaji, kuma in dattijo irina ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ai magana ta ƙare.

Da ya fita na ɓare goron na kai baki. Ɗaci kawai na ji.

Akwai abin da Madina take gaya mini in na shigo daga hira. Takan ce, Malam, bara da arba'in jirgin nan ya nutse, bana na ji sun kai hamsin, su wane ne suke ƙara mutuwa? In yi dariya, ita ma ta yi. Ba ta taɓa wuce nan ba. Ni ma ban taɓa bari ta wuce ba.

*

Mun zauna a zaure bayan La'asar. Ni a kan kujera, Alhaji a kan darduma kusa da ƙafata, fuskarsa a ɗaure. Nu'uman ya zo tun kafin a idar da salla a masallacin unguwa, ya zauna a ƙasa can gefe, siriri, baƙi, da farar riga marar aiki. Ƙofar cikin gida a sakaye take, amma na ga gefen hijabi shuɗi ta wajen ƙyauren. Na yi kamar ban gani ba.

Ba a gama gaisawa ba Abdulmuhaimin ya shigo, wai wucewa yake yi. Alhaji ya ce ya zauna, ai ɗan gida ne.

Abdulmuhaimin ne ya fara magana. Ya ce akwai abin da aka turo masa a waya, ya daɗe yana ɓoyewa don kada a ce hassada ce, amma amana ta hana shi yin shiru. Ya miƙa wa Alhaji. Na leƙa ta saman kafaɗarsa.

Ga Nu'uman tsaye da abin magana a hannu, gaban wasu matan Turawa, wasu da guntun wando, wasu kafaɗa a waje. Suna dariya, yana nuna su da hannu. Babu sauti.

Na ji numfashi ta bayan ƙyaure.

Nu'uman bai ɗaga murya ba. Ya roƙi a buɗe sautin. Da aka buɗe, Turanci ne, Alhaji ba ya ji, ni kuwa nawa na ma'aikatan jirgi ne, zagi ya fi yawa a ciki. Nu'uman ya ce ranar za su sauka a Zanzibar ne, garin Musulmi, yana gaya musu duk wadda za ta shiga cikin gari ta rufe kafaɗa da gwiwa, wadda ba ta da mayafi ga su nan a tebur ta ɗauka. Ya ce a bar bidiyon ya ci gaba. Aka bari. Sai ga su suna ɗaukar mayafai ɗaya bayan ɗaya.

Abdulmuhaimin ya ce shi dai abin da aka turo masa ke nan.

Alhaji ya mayar masa da wayar ba tare da ya dube shi ba. Ya ce shi ba wannan ne ya dame shi ba, bai taɓa zargin tarbiyyar yaron ba. Ya juyo gare ni ya ce, Baba, bismilla, a tambaye shi.

Na yi gyaran murya. Na ce, kai yaro, mu da muka ci gishirin teku ba a yi mana shigo-shigo. Mene ne aikin naka takamaimai? Tuƙi kake yi ko fenti?

Ya ce ba ko ɗaya. Ya ce duk safiyar da jirgi zai tsaya a tsibiri, shi yake tara fasinjoji kafin su sauka ya gaya musu yadda za su yi yawonsu su dawo lafiya. Da yamma kuma shi yake tsayawa a bakin tsani yana ƙirga su.

Na ce to ka ɗauka ni fasinja ne. Gaya mini.

Ya ɗan yi murmushi, ya fara, da natsuwa kamar mai karanta wasiƙa. Ya ce yakan ce musu su ɗauki ruwan sha da hula, don ranar tsibiri tana ƙona mutum ko da akwai gajimare. Kada wanda ya shiga tasi ko kwalekwale sai an gama ciniki, na zuwa da na dawowa. Kada a zauna a inuwar bishiyar kwakwa, ɗaya in ta faɗo a ka an gama. Kada a taka duwatsun cikin ruwa ba takalmi, akwai wata halitta mai ƙaya da take ɓuya a ciki. Kada a ɗauki hoton mai talla sai an tambaye ta. Wanda yake son zuwa nesa, kan dutse ko inda ruwa ke zubowa, ya bi motar da jirgi ya shirya, don ita in ta makara jirgi zai jira ta. Wanda ya tafi shi kaɗai, ba mai jiransa.

Ina ta gyaɗa kai ina cewa haka ne, haka ne, duk na san wannan tun ba a haifi ubanka ba.

"Amma duk wannan ƙanana ne, Baba," in ji shi. "Babbar ita nake fara faɗa, ita nake rufewa da ita. Sau uku nake maimaitawa."

Na ce wacece.

"Ka bi agogon jirgi. Kada ka bi agogon tsibiri."

Ban san lokacin da na daina gyaɗa kai ba.

Ya ci gaba, bai lura ba. Ya ce sau da yawa jirgi yana tafe da lokacinsa, tsibiri yana da nasa, tsakaninsu awa guda. Mutum ya duba agogon kasuwa ko wayarsa ta canza da kanta, ya ga saura lokaci, ya zauna shan abin sanyi. Ya ce shi ya sa yake sa kowa ya ɗaga hannu ya saita agogo a gabansa kafin ya taka ƙasa.

Alhaji ya tambaye shi ko ya taɓa barin wani.

Ya ce sau ɗaya. Wani dattijo da matarsa. Ya ce ya tsaya a bakin tsani yana roƙon a ƙara minti biyar, aka ƙara, ya sake roƙo, kyaftin ya ce a janye. Suna barin gaɓa ya hango su suna gudu, tsohon yana ɗaga jaka. Ya ce daren nan bai iya cin abinci ba.

Na tambaye shi, da muryar da ban gane tawa ba ce, to wanda aka bari yaya yake yi.

Ya ce ai da sauƙi. Kowane jirgi yana da wakili a tashar, a nan ake bar masa takardunsa. Ya je ya ce na makara, shi ke nan. Dattijon nan kwana biyu suka tarar da su a tsibiri na gaba. Ya ce wanda yake wahala shi ne wanda kunya ta hana shi zuwa ya faɗa.

Na dubi ƙasa.

*

Alhaji ya numfasa. Ya ce ya ji, kuma yaron yana da hankali. Amma hankali ba ya tare ruwa.

Sai ya fara maganar da bai taɓa yi a gabana ba, shekara kusan hamsin. Bai dube ni ba, tabarma yake kallo.

Ya ce yana da shekara uku na tafi Legas neman aiki, yana da goma na dawo. Ya ce duk ranar da motar Kano ta shigo gari, Inna takan ajiye abin da take yi ta tsaya a bayan ƙofar nan, wannan ƙofar, tana sauraron takun masu wucewa. Ya ce 'yan'uwanta sun zo sau uku su kai ta gaban alƙali a raba auren, ta ƙi. Ya ce ranar da aka yi masa kaciya ba uba a kansa, maƙwabci ne ya riƙe shi. Ya ce bai taɓa jin haushina ba, don ya san ba laifina ba ne, teku ce. Teku yake jin haushi.

Muryarsa ta karye a nan. Mutumin da ke tsayawa tsakanin bijimai biyu a kasuwa.

"Baba, kai ka gani da idonka. Faɗa mana, in bi. Wanda ya shiga ruwa, yana da tabbacin dawowa?"

Abdulmuhaimin ya matso yana cewa Baba a ba su labarin daren nan, yadda igiyar ruwa ta raba jirgin biyu.

Labarin yana kan harshena. Na ba da shi ya fi sau dubu, na san inda mutane ke riƙe baki, na san inda suke salati. Da na buɗe baki zai fito da kansa, a watse kafin Magariba, in ci gaba da zama Ɗan Teku har a sa ni a rami.

Ta bayan ƙyaure na ji wani ƙaramin sauti, irin na wanda ya toshe baki da hannu.

Ku ji ni da kyau. Na sha gaya muku jarumtakata. To duk wadda na faɗa a baya ku ajiye ta gefe, ga ta gasken nan.

Na ce, "Sharfaddeen."

Ya ɗago a firgice. Bai taɓa jin sunan nan daga bakina ba.

"Jirgin bai nutse ba."



Na gaya musu. Na ce jirgin kaya ne, ni ina kankare tsatsa ina shafa fenti. Tafiyata ta biyu ke nan. Muka tsaya a tsibirin Santome ɗaukar koko, aka ba mu izinin sauka, shugabanmu ya ce ƙarfe biyar za a ɗaga, kowa ya kiyaye. A satin nan ne wani mai dafa abinci ya koya mini karanta agogo, ina ji da abin kamar na haddace izu sittin. Nawa agogon ba ni da shi. Abokan aikina suka tsaya a bakin ruwa. Ni na ji an ce akwai inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse cikin daji, na ce ɗan Daura ba zai zo har nan ya koma bai gani ba, me zan ba da labari a gida? Na hau bayan motar katako ni kaɗai.

Na ce na gani, kuma yana da kyau, wallahi yana da kyau.

Da na dawo cikin gari na ɗaga kai na dubi agogon da ke jikin hasumiyar coci. Ƙarfe huɗu. Na karanta shi daidai, ko malamin makaranta bai fi ni ba. Na zauna na sayi kwakwa, na sha ruwanta, na kankare cikinta da cokali. Na tashi ina tafiya ina fito. Da na isa gaɓa, hayaƙi kawai na hango can inda sama ta haɗu da ruwa. Jirginmu da lokacin Legas yake tafiya.

Nu'uman ya sunkuyar da kai.

Na ce na ga ofishin wakilin, na tsaya a ƙofarsa har sau biyu, na kasa shiga in ce ni ne sakaran da ya tsaya shan kwakwa. Na bi masu aikin gonar koko na shige daji. Na ja ƙafar wando na nuna musu tabon, na ce wannan adda ce, ni na sari kaina. Na ce bayan shekara biyu an samo mini hanyar Kalaba a wani ƙaramin jirgi, na ƙi hawa, don na bar gida ina cika baki zan dawo da keke da rediyo, ga ni ko takalmi babu. Sai da ciwo ya kusa kashe ni tsoron mutuwa a can ya fi kunya, sannan na taho. A motar Kano zuwa Daura na shirya labarin. A lokacin mutum ashirin ne suka nutse.

"Teku ba ta riƙe ni ko kwana ɗaya ba," na ce. "Duk wanda muka tafi tare ya koma gidansa a kan lokaci. Ni na riƙe kaina. In kana neman wanda za ka ji haushi, ga shi nan a kan kujera. Yaron nan kuwa aikinsa ke nan, ya hana a samu irina."

Abdulmuhaimin ya tashi a hankali, ya ce yana da baƙi a shago.

Alhaji ya daɗe yana kallona. Idonsa ya cika, amma bai bari ta zubo ba.

"Inna ta sani?"

Na so in ce ta sani. Wataƙila ma ta sani ɗin. Amma na riga na fara faɗar gaskiya, ban san yadda ake tsayawa a tsakiya ba.

Na ce ban taɓa gaya mata ba.

*

Aka kira Magariba muna zaune. Alhaji ne ya fara miƙewa, ya sa takalmi, ya kai bakin ƙofa, sannan ya tsaya ya juya wajen Nu'uman.

Ya tambaye shi ranar da kwantaraginsa zai ƙare wannan karon. Nu'uman ya faɗi wata da rana. Alhaji ya ce ya maimaita, ya maimaita. Ya ce to ya riƙe ranar, shi ma ya riƙe.

"Ka turo magabatanka jibi Asabar. Ƙarfe goma na safe." Ya ɗaga hannunsa ya nuna agogon da ke ɗaure. "Da wannan."

Ta bayan ƙyaure kuka ya ɓarke, ba ɓoyo a wannan karon. Nu'uman ya durƙusa yana godiya, kalmomin suna harɗewa a bakinsa. Alhaji bai tsaya ji ba. Ya fita masallaci. Kullum shi yake riƙe mini hannu a wajen dakalin ƙofa, don akwai tudu. A ranar kam, Nu'uman ne ya riƙe ni.

Haulatu ta kawo mini tuwo da kanta. Ta zauna tana kuka tana dariya, tana cewa tsohon ango, ashe kwakwa ce. Na ce ta yi mini shiru, ko a cikin masu makara ba a taɓa yin wanda ya kai ni ba, shekara bakwai cur, a nemo na biyuna. Ta yi dariya har ta sarƙe. Da ta ga ban taɓa tuwon ba sai ta daina.

Tun ranar da Alhaji ya yi aure, bai taɓa fita kasuwa ba sai ya biyo ɗakina. Ƙarfe bakwai na safe zai yi sallama, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce Baba an tashi lafiya. Ko ruwa ake yi, ko zazzaɓi yake yi.

Yau Juma'a. Na yi wanka tun da wuri, na sa farar riga, na zauna a kan buzu ina fuskantar ƙofa. Agogon bangon da ya saya mini daga Makka yana sama da kaina, na kuwa iya karanta shi.

Bakwai ta yi. Bakwai da rabi ta yi. Na ji an buɗe ƙofar ɗakinsa, na ji takunsa a tsakar gida, na san shi cikin takun mutum ɗari. Ya zo daidai lunguna ya tsaya.

Haulatu ta ce in tsaya da faɗa haka nan, ba za ta iya ci gaba da rubutu ba. Na ce ta rubuta wannan kaɗai.

Inuwarsa tana nan a ƙasan labule. Bai shigo ba, bai kuma wuce ba. Uwarsa ta yi shekara bakwai tana sauraron taku a bayan ƙofa. Ni yanzu na fara.